Birkin 'yan tsere ba na hanyar Gummi ba ne

Yau zancen namu na ƙarfe ne da kwalta, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa dandalin matasa da fad ɗin birki, abin da ko tafin hannu bai cika ba. To ku yi haƙuri ku karanta, domin a kan wannan ɗan abin ne rayukan fasinja ke rataye duk lokacin da direba ya taka birki.

Akwai wani yayi da ya shigo mana ta waya. Kana buɗe TikTok ko Facebook za ka ga samari a Abuja da Kano da Kaduna suna juya BMW da Marsandi a fili, taya na hayaƙi, jama'a na ihu. Daga nan sai sha'awar ta sauko har garuruwanmu. Yaro ya samu Golf ko Vectra, abin da zai fara nema shi ne salansa mai ƙara, sai fitila mai launi, sai kuma ya ce wa mai kayan gyara a ba shi fad na 'yan tsere, wai shi ne mai kamawa nan take. Mai shago kuma ba zai ƙi ciniki ba. Zai ɗauko wani kwali mai hoton tuta da jan fenti, ya ce, "Wanga shi na ainahin na tsere, ko jirgi ka sa ma shi sai ya tsaya." A nan nake da ja, kuma ra'ayina a taƙaice shi ne: wanda ke bin hanyar Anka zuwa Gummi ba birkin tsere yake buƙata ba, birkin gaskiya yake buƙata. Tsakanin biyun akwai tazara mai nisa.

Duk wanda ya san Nasarawar Burkullu, a ƙaramar hukumar Bukkuyum, ya san irin zirga-zirgar da ake yi a yankin, musamman ranar kasuwa. Golf ɗauke da mutum bakwai ko takwas, but a buɗe an ɗaure buhunan gero da wake, Sharon da Homa cike da 'yan kasuwa, Kanta ta sha dabbobi, ga babura kamar fara. Hanyar da ta taso daga Mayanci ta bi ta Anka ta nufi Daki Takwas da Gummi ba filin tsere ba ce. Akwai rami, akwai yashin da ruwa ya kwaso ya zube a kan kwalta, akwai shanu masu tsallakawa, akwai yaro mai tallar gyaɗa da zai fito daga bayan mota ba sallama. Birkin da ya dace da wannan hanya shi ne wanda zai kama a takun farko, da sanyin asuba, ba tare da an yi masa shiri ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don a gane inda matsalar take. Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu ya koma zafi. Ka taka, man birki ya tura, fad guda biyu su matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayya ta ci gudun ta fitar da shi a matsayin zafi. Motar da nauyinta da lodinta ya kai kilo 1,500, in tana gudun kilomita 120 a awa, zafin da birkinta zai sha kafin ta tsaya ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita biyu, kuma cikin daƙiƙa biyar kacal. Mafi yawan wannan aiki birkin gaba ne ke yin sa, shi ya sa fad ɗin gaba ke rigan na baya cinyewa. Saboda haka tambayar da ake yi wa kowane fad ita ce: a wane mataki na zafi kake aiki da kyau?

Masu ƙera shi sun kasa shi gida-gida. Akwai mai taushi wanda aka haɗa da zare da roba da ƙaro, ba ya ƙara, ba ya cin faifai, amma in ya sha zafi da yawa sai ya saki. Akwai mai garin ƙarfe a ciki, wanda ya fi jure zafi da lodi, sai dai yana ɗan ƙara kuma yana cin faifai. Akwai na siramik, mai tsafta da daɗewa, wanda ya fi dacewa da tuƙin cikin gari. Sai kuma na tsere zalla, wanda aka yi shi don ya yi aiki a zafin da zai ƙona sauran. Wannan na ƙarshen shi ne samarinmu ke kwaɗayi, alhali ba su san halinsa ba: sai ya yi zafi yake kamawa. In yana da sanyi, kamunsa bai kai na fad ɗin da kamfani ya sa wa motar ba.

Dubi motocin tseren Formula 1. Birkinsu na kabon ne, yana kaiwa digiri 1,000 a ma'aunin Salsiyos, kuma in bai ɗauki zafin ɗaruruwan digiri ba, ba ya aiki yadda ya kamata. Shi ya sa kafin a fara tsere za ka ga direbobin suna zagaye fili suna taka birki suna saki, suna ɗumama shi. Kai da ka fito daga Nasarawa bayan sallar asuba, ka yi tafiyar kilomita goma ba ka taɓa birki ba, sai ga saniya a tsakiyar titi, wa zai ba ka damar ɗumama naka? Ɗan tsere ya san kowace kwana, ya san inda zai taka tun kafin ya iso, ba mai tahowa ta gabansa, ga motar asibiti a gefe. Haka masu tseren Dakar, wanda a da yake ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020, kowace mota da ayarin bakanikenta, kullum dare sai an kwance an duba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kayan da aka yi don wancan fage, in ka kawo shi hanyar kasuwa, kuɗinka ka zubar kuma ka rage wa kanka tsaro.

Wannan fa in an ɗauka abin da aka sayar maka na tseren ne da gaske. Gaskiyar magana, fad ɗin tsere na ainihi daga kamfanoni irin su Brembo na Italiya ko Ferodo da EBC na Ingila, kuɗinsa ya ninka na gama-gari sau da yawa. In an ba ka shi a farashin na gama-gari ko ƙasa da haka, to kwali ka saya da fenti. Manyan kasuwannin kayan mota da 'yan kasuwarmu ke sari, Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna, Ladipo a Legas, akwai na ƙwarai a cikinsu akwai jabu, kuma mai sayarwa na kirki zai faɗa maka wannan lamba ɗaya ne, wannan lamba biyu. Matsalar ita ce mu masu saye mun saba da cewa, "Ba ni mai sauƙin." Araha ba ta ado, in ji Hausawa, balle a birki. Fad ɗin jabu yakan ɓare daga jikin ƙarfen da aka manna shi a kai in ya sha zafi, ka taka ka ji ƙarfe na cin ƙarfe. Akwai kuma na Beljiyam, wanda aka cire daga motar da ba ka san tarihinta ba. Inji na hannu ko ƙofa ta hannu, wannan an fahimta. Amma abin da aka yi shi don ya cinye, mene ne hikimar sayen ragowar wani?

Akwai alamomin da za su taimake ka, kuma ba sai ka yi digiri ba. A gefen fad ko bayansa, masu ƙera na gaskiya sukan buga haruffa biyu, kamar EE ko FF ko GG. Harafin farko yana nuna ƙarfin kamunsa a ƙaramin zafi, na biyu a babban zafi. F ya fi E kamu, G ya fi F. Abin da kake so shi ne haruffan su zama daidai, ko na biyun ya fi na farko, don kada birkin ya yi rauni in ya ɗauki zafi. In ka ga FE, to wannan yana raguwa ke nan daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Ga motar haya mai lodi, FF ko GG mai garin ƙarfe daga kamfanin da aka sani ya wadatar. Sannan akwai alamar R90, ƙa'idar Turai da ta ce fad ɗin canji kada aikinsa ya kauce wa na asalin motar da fiye da kashi 15 cikin 100. Na san masu jabu ma suna iya buga tambari, shi ya sa alama ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da mai shagon da zai iya kallon idonka gobe in ka dawo. Amma kwalin da ba lamba, ba sunan ƙasa, ba komai sai hoton wuta, wannan ka ajiye masa kayansa.

Yanzu ga maganar da masu son gudu ba sa son ji. Ba fad ne ke tsayar da mota ba, taya ce. Duk ƙarfin birkinka, iyakarsa inda taya ta daina riƙe ƙasa. A kan kwalta mai kyau, busasshiya, da taya mai kyau, mai gudun kilomita 80 yana cin kamar mita 22 kafin ƙafarsa ta kai kan birki, sannan kamar mita 36 kafin ya tsaya, jimla mita 58. Mai gudun 120 yana cin mita 33 kafin ya taka, sannan mita 81, jimla mita 114, wato ya wuce tsawon filin ƙwallo. Abin tsoron shi ne, a daidai inda mai 80 ya tsaya cak, mai 120 yana nan yana gudun kusan kilomita 100 a awa. In hanyar burji ce ko akwai yashi, tazarar tana iya ninkawa. Babu fad ɗin da zai canja wannan lissafi, ko daga ina aka kawo shi. Ka sa birki mai tsada a kan taya mai sanƙo, ka yi wa kanka ado ne kawai. Ka duba lambobi huɗun da ke gefen tayarka: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Da yawa daga cikin tayoyin Beljiyam da ke yawo a hanyoyinmu sun girmi ƙannenmu da ke firamare.

Sai man birki, wanda shi ne maraya a duk motar. Yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana saukowa zuwa wajen 155. In ya tafasa a cikin bututu sai ya zama tururi, ka taka birki ya tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a juye shi a sa sabo kamar duk shekara biyu, ba a riƙa ƙari kawai ba. Mu kuwa mun san abin da ake yi in mai ya zube a hanya: a kaɗa Omo da ruwa a ɗura, ko a daddaƙe bututun ƙafa ɗaya a ce sauran ukun sun isa. A ce dabarar fita daga daji ce, to, an ji. Amma motar ta kwana ta tashi ta sake lodi a haka, wannan ba dabara ba ce, ganganci ne da ran mutane.

'Yan uwana masu babur, ku ma zancen ya shafe ku, don kun fi kowa yawa a hanyar. Boxer da ire-irensa birkin diram ne da su, shu ne a ciki ba fad ba. Za ka ga an ɗauki mutum uku da buhu, birkin gaba an kwance shi ko an bar shi ya mutu, wai yana kayar da mutum. Alhali a babur ma birkin gaba ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayawa. Abin da ke kayarwa shi ne damƙe shi da ƙarfi lokaci guda, musamman a yashi ko a kwana. Koyon matsa shi a hankali tare da na baya shi ne maganin, ba cire shi ba.

Na san amsar da direbobin yankinmu za su ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za su ce, "Malam, kai kana maganar lissafi, mu muna maganar daji. Akwai wuraren da in ka rage gudu, ka kwana a hannun mutane." Wannan gaskiya ce, ba wanda ya isa ya musa. Shekarun nan matsalar tsaro ta canja yadda ake tuƙi a Anka da Bukkuyum da Gummi. Kowa na son ya wuce wasu wurare da wuri, kowa na son ya isa gida kafin duhu. Mun ga 2021, lokacin da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara. Wanda bai bi hanyar ba bai kamata ya yi wa direba wa'azin gudu daga cikin ofis mai sanyi ba. Amma ku duba, wannan hujjar ai ni take goya wa baya. In dole ta sa ka gudu, to kai ne ka fi kowa buƙatar birkin da ba ya ƙarya, da taya mai rai, da mai mai kyau. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ba duk gudun da muke yi ne na tsoro ba. Wanda ake yi a tsakiyar gari, gaban makaranta, ko a ayarin ɗaurin aure, wane ɗan bindiga ne ya biyo mu? Dokar hanya ta hukumar FRSC ta ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya irin tamu. A tafiyar kilomita 60, bambancin mai 80 da mai 120 minti 15 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato mu. Ƙaddara gaskiya ce, amma malamanmu sun sha gaya mana cewa ɗaure raƙumi ba ya warware tawakkali.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, kuma ya kamata mu mutanen wannan yanki mu fi kowa jin sa. A 2010 duniya ta san sunayen ƙauyukanmu, Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ƙurar dalma daga dutsen zinare da ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. Ba wanda ya ɗauki ƙurar nan a bakin komai sai da ta yi ɓarna. To fad da shu ma suna da tasu ƙurar. Shekaru da yawa ana haɗa su da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi, wanda shaƙarsa ke jawo kansar huhu bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005, amma har yanzu akwai ƙasashen da ake ƙera kayan birki masu araha da shi. Wa ke shaƙar ƙurar? Yaron gareji ɗan shekara 14 da aka ce ya hure diram da baki ko da iskar famfo. Iyayen gida, don Allah a jiƙa tsumma a goge, a daina hurewa, a wanke hannu kafin a ci abinci. Wannan ba ya cin ko sisi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce gaskiyar ƙarshe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, komai na mota ya yi tashin gwauron zabi. Direban da zai kai wa mai mota balas, ya biya kuɗin tasha, ya sha mai, ya kai cefane gida, in ka ce masa ya sayi lamba ɗaya sai ya ga kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Na sani. Amma a yi lissafin wata shida, ba na yau kaɗai ba. Jabu yana saurin cinyewa, ka saya sau biyu ko uku kafin na ƙwarai ya ƙare, in ya kai ƙarfe kuma ya ci maka faifai, ka sayi faifai. Ban ma kawo maganar asibiti da diyya ba. Masu motoci su ma su ji tsoron Allah, kada a ɗora wa direba kuɗin birki a cikin ɗan abin da yake samu, don in aka yi haka dole ya nemi mai araha.

Abin yi ba shi da wuya. Sabon fad kaurinsa kamar milimita 10 zuwa 12 ne, in ya sauko 3 a canja, kada a jira ƙara. A canja ƙafa biyu tare, hagu da dama, don kada mota ta riƙa fizga gefe. A duba faifai, in ya yi kwari ko ya tsage ba fad ɗin da zai zauna a kansa daidai. In an sa sabo, a samu wuri mara jama'a a yi ta ragewa daga kamar 60 zuwa 20 sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan a bar shi ya huce, don fad da faifai su saba da juna. A gangara da lodi a sauko da giya, kada a kwanta a kan birki. In an ratsa ruwa da damina, a ɗan taka shi a hankali ya bushe. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu kuma, yadda ake duba lodi a karɓi kuɗin tasha, me zai hana a riƙa taka birkin kowace mota kafin ta ɗauki fasinja? Hukumar SON da ke kula da ingancin kaya ita ma ta sani cewa kasuwa ba a manyan birane kaɗai take ba.

Ban ce son mota laifi ba ne. Maƙwabtanmu na Kabi sun daɗe da tseren motoci a cikin shagalin bikin kamun kifi na Argungu, kuma cikin yaran da ke juya mota a bikin aure akwai masu hannun da in sun samu horo za su yi suna. Abin da suka rasa shi ne fili mai shinge, da hular kwano, da ƙa'ida, da wanda zai koya musu. In hali ya yi, gwamnati da masu kuɗinmu su duba wannan, don sana'a ce a wasu ƙasashe. A irin wannan fili ne fad ɗin tsere ke da gida. Kafin nan, wanda zai ɗauki uwar wani da buhun gerorta zuwa kasuwa, ya sa mata birkin da zai kama tun takun farko.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.